Naman Kwalba Da Sauran Labaran Shanu

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na bayan Babbar Sallah, a Sabo, Badun



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu masu gidaje, dillalan kara, masu tukuba da masu kilishi, iyaye mata, da samarin da suka tare bakin ƙofa, muna yi wa kowa barka da Sallah, Allah ya maimaita mana.

An ce mu yi magana a kan kasuwa. To amma a kwanakin nan wa zai saurari lissafin goro da albasa alhali tsinken sakace yana bakinsa? Saboda haka maganar nama za mu yi, don ai shi ma kasuwa ne, kasuwar ma da ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu ƙasar Kurmi.

Ba sai an gaya wa Bahaushe matsayin nama ba. In ka yi baƙo ka ba shi tuwo gaya, zai yi godiya, amma labarin zai riga ka zuwa gida. Yaro yana cin abinci ne da hannu ɗaya da ido biyu, idanun suna kan tsokar da ke gaban babansa. Maƙwabtanmu Yarbawa ma ba baya ba ne. A wurin bikinsu ba a tambayar ko shinkafa ta yi daɗi, yanka nawa aka sa maka shi ne magana. Kuma mu da su duk ba mu san asara a jikin saniya ba. Tozo, hanta, ƙoda, tumbi, hanji, harshe, bindi, kai da ƙafa, ɓargo, kowanne da mai sonsa. In ban da ƙaho da kukanta, babu abin da muke bari. Har fatar ba ta tsira ba. A 2014 ministan gona na lokacin, Akinwumi Adesina, ya nemi a sa doka a kan cin ganda domin masu jima su sami fata. Wato dai a taƙaice bawan Allah yana cewa muna cinye takalmanmu ne. Aka yi ta surutu, aka gaji, ganda tana nan a cikin miya, baki yana ta aikin da ba lada.

To jama'a, ana nan sai Turawa suka ce sun gano hanyar samun nama ba tare da an yanka dabba ba.

Ranar 5 ga watan Agusta 2013 aka tara 'yan jarida a birnin Landan. Wani shehin malami ɗan ƙasar Holan, Mark Post, na Jami'ar Maastricht, ya fito da wani curin niƙaƙƙen nama irin wanda suke sawa tsakanin burodi suna ce masa boga. Nauyinsa bai wuce giram 140 ba, abin da mai tsire zai ɗora maka a takarda ka ce ya ƙara gyara. Kuɗin da aka kashe kafin a samo shi ya kai wajen dala 325,000, kuma Sergey Brin, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa Google, shi ya biya. Naman nan ba a taɓa kiwonsa ba. Bai ci ciyawa ba, bai sha ruwan rafi ba, bai san sandar makiyayi ba. A cikin ɗakin bincike ya girma. Shi ya sa muka raɗa masa suna naman kwalba.

Ga yadda ake yi. Za a je wurin saniya tana tsaye da ranta, a tsakuro ɗan abin da bai kai ƙwayar masara ba daga tsokarta. A ciki akwai wasu ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, aikinsu shi ne gyara tsoka in dabba ta ji rauni. Sai a tsame su a sa cikin wani romo mai sukari da gishiri da sinadaran gina jiki, a ajiye da ɗumi daidai na jikin dabba. Su kuwa ba su san sun bar gida ba, sai su kama aikinsu, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, har su haɗu su yi zare-zare. Irin zaren nan wajen 20,000 aka tattara aka mulmula bogan Landan. Da aka gama sai aka ga abu fari fat, ba jini ba kitse. Dole aka zuba masa ruwan wani jan tushe da za'afaran don ya yi kama da nama, aka soya shi da man shanu. Mutum biyu suka ɗanɗana, mace 'yar Ostiriya da namiji Ba'amurke. Suka tauna, suka tauna, suka ce lallai ya yi kusa da nama, sai dai ba maiƙo. Allah Sarki! Dala 325,000 ba tozo. Da a tukubar Mokola aka ba mutum wannan, da ya mayar ya ce a canja masa.

Akwai kuma wani abin da ba su cika son a faɗa ba. Romon da aka fara renon naman da shi, a cikinsa akwai wani ruwa da ake tacewa daga jinin ɗan tayi, wanda ake samu in an yanka saniya mai ciki a mayanka. Kun ji fa. An gudu daga yanka saniya ɗaya, an koma ga uwa da ɗanta. Daga baya kamfanonin sun ce sun samo romon da ba ya buƙatar wannan ruwa, kuma gaskiya an ci gaba ta wannan fanni. Amma farkon abin ke nan.

Tun daga nan masu kuɗi suka yi ta zuba dukiya. A watan Disamba 2020 Singafo ta zama ƙasa ta farko da ta yarda a sayar da naman kaza na kwalba. A watan Yuni 2023 Amurka ta ba kamfanoni biyu izini, aka fara sayarwa a gidajen abinci biyu na manya, ɗaya a San Faransisko ɗaya a Washinton, bayan 'yan watanni duk suka daina. A farkon 2024 Isra'ila ta amince da na shanu. A cikin 2024 ɗin kuma wani kantin nama a Singafo ya fara sayar da shi a ƙunshe a kai gida, amma da aka duba jikin ƙunshin sai aka ga naman kwalbar kashi 3 ne cikin 100, sauran duk kayan tsiro ne. Masu tsire, kada ku yi dariya da ƙarfi, mun san wasunku da ƙulli-ƙullinsu ya fi namansu kauri. Amma ko su ba su taɓa kaiwa kashi 97 ba.

Su ma Turawan kansu bai haɗu ba. Italiya, ƙasar da ke alfahari da girkinta, ta haramta shi a watan Nuwamba 2023, da tara mai nauyi a kan duk wanda ya yi ko ya sayar. A 2024 jihohin Fulorida da Alabama a Amurka suka bi sahu. Su wa suka tsaya a bayan wannan hani? Manoma da masu kiwo. Ashe ko'ina ka je a duniya mai shanu ba ya wasa da abincinsa.

Wanda ya fi ba mu dariya shi ne na watan Maris 2023. Wani kamfani na Ostareliya mai suna Vow ya ce ya yi curin nama na wata irin giwa mai gashi wadda ta ƙare a duniya shekaru dubbai da suka wuce. Sun ɗauko bayanin halittarta, inda ya yi giɓi suka cike da na giwar Afirka, suka dasa a ƙwayoyin tunkiya. Aka kai curin wani gidan nune-nunen kimiyya a Amsterdam, aka yaye mayafi, aka yi ta ɗaukar hoto. Aka ce to bismilla, wa zai ci? Babu. Su da suka yi shi suka ce ba su san abin da zai yi wa cikin mutum ba. Mai nama shi ke neman wuta, amma wannan mai naman ya ga wuta ya ja da baya.

Mun san tambayar da ke ran kowa, halal ne ko haram? Mu ba malamai ba ne, ga masu abin nan zaune a gaba. Amma ɗan abin da muka tsinta a Islamiyya, da babin layya da yanka na Risala, ya ishe mu gane inda gizo yake saƙa. An koya mana cewa duk abin da aka yanke daga jikin dabba tana raye hukuncinsa hukuncin mushe ne. An koya mana cewa jinin da ya kwarara haramun ne. An koya mana yanka shi ne a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, da niyya da ambaton sunan Allah. To bogan Landan da ruwan jini aka rene shi, kuma ba shi da wuyan da za a ɗora wa wuƙa. Su ma kamfanonin sun san Musulmi sun kusa mutum biliyan 2 a duniya, ba kasuwar da za a yar ba ce, sai suka tafi neman fatawa. A watan Satumba 2023 wasu malamai uku na Saudiyya suka amsa wa wani kamfanin Amurka cewa zai iya halatta in ƙwayoyin daga dabbar da ake ci suka fito, kuma an yanka ta yankan Musulunci, kuma ba jini ko giya ko wani haram a abin da aka ciyar da su, kuma masana sun tabbatar ba ya cutarwa. A watan Fabrairu 2024 majalisar addinin Musulunci ta Singafo ita ma ta ce yana iya halatta bisa sharuɗɗa. Kun lura? An zagaya an zagaya, an dawo wurin mai wuƙa. Ragon layya da ragon suna kuwa, ba ma jin akwai malamin da zai ce a kawo su cikin kwalba, don a nan yankan shi ne ibadar.

Bari mu huta da kwalba mu leƙa garke, domin a 'yan shekarun nan shanun duniya sun ga abubuwa.

A 2019 a wata gona kusa da Mosko ta ƙasar Rasha aka ɗaura wa shanu wani tabarau mai nuna hoto kamar talabijin. Ana cikin sanyi da ƙanƙara, su kuwa suna ganin kore shar kamar damina, wai don hankalinsu ya kwanta su ƙara nono. Mu da muka san halin saniya muna tambaya, in ta kai baki ta ji ba komai fa? A shekarar kuma masu bincike a Japan suka shafa wa baƙaƙen shanu farin fenti layi-layi, suka koma kamar jakin dawa, sai ƙudaje masu cizo da ke sauka a kansu suka ragu da kusan rabi. A 2025 har aka ba su Ig Nobel, lambar yabon da ake ba binciken da ke sa mutum dariya kafin ya yi tunani.

A 2021 a Jamus aka koya wa 'yan maruƙa shiga bayan gida. Aka keɓe musu ɗaki, wanda ya shiga ya yi fitsari a ciki a ba shi abin zaƙi, wanda ya yi a waje a fesa masa ruwa. Cikin 16, guda 11 suka koya a 'yan makonni. Dalilinsu shi ne in fitsari ya haɗu da kashi yana fitar da iska mai ɓata ƙasa da ruwa. Muna roƙon Sarki, in da hali a gayyato mana malaman nan, akwai wasu lunguna a unguwar nan da ke buƙatar darasinsu, kuma ɗaliban ba masu ƙafa huɗu ba ne.

A Botsuwana kuwa, inda zakuna ke damun makiyaya, sai aka zana wa shanu idanu biyu a ɗuwawu. Shi zaki ɗan kwanton ɓauna ne, in ya ga kamar an gan shi sai ya fasa. Da aka fitar da sakamako a 2020, cikin shanu 683 masu ido a baya ba a kashe ko ɗaya ba a shekara huɗu, cikin 835 da ba a zana wa komai ba an kashe 15. Dabara ce mai araha. Sai dai zakunan da ke cinye garkunan Zamfara da Katsina da Sakkwato ba sa jin kunyar ido, ko na fenti ko na gaske. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, don duk saniyar da aka kora a can, a nan muke jin zafinta a farashi, 'yan'uwanmu kuma suna ji a rayukansu.

Na kusa da gida shi ne na Chadi. Angola tana binta bashin dala miliyan 100. Chadi ta ce kuɗi dai babu, amma akwai shanu. Aka shirya za ta biya da shanu 75,000 cikin shekara 10, kuma a watan Maris 2020 jirgin ruwa na farko ya isa Luwanda da sama da 1,000. Dillalai, ku buga lissafi, kowace saniya ta tashi dala 1,333 ke nan. Da wannan farashi, bogan Landan da mutum biyu suka tauna suka yamutsa fuska ya ci shanu sama da 240. A Burazil kuma akwai wata farar saniya mai tozo, ka ce Bunaji ce ta sami hutu, sunanta Viatina-19, nauyinta ya kai kilo 1,100. A 2023 aka yi mata kuɗi sama da dala miliyan 4, wato kimanin shanun Chadi 3,000. Ba don nama ake sayenta ba, don iri ne. Da a kararmu aka yi wannan ciniki, da dillalin ya karɓi la'adarsa ya yi sallama da sana'a.

Sai maganar gyatsa. Masana sun ce in saniya tana tuƙa, tumbinta yana fitar da wata iska mai suna mitan wadda ke ƙara wa duniya zafi, kuma yawancinta ta baki take fita, ba ta inda kuke zato ba. New Zealand ta shirya sa haraji a kai a 2022, manoma suka fito da taraktoci kan titi, gwamnatin da ta biyo baya ta soke a 2024. Danmak kuwa a 2024 ta tsai da shawarar za ta fara karɓa daga 2030. Dattawan da ke nan sun san sunan wannan abu. Jangali ne ya sake riga. Mu Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke mana haraji da jangali a Kano da Kaduna tun 1979, ga shi waɗanda suka yi zamani da shi a ƙasarmu yanzu 'yan'uwansu suna ɗora wa kansu. Duniya rawar 'yan mata.

To jama'a, mun yi dariya. Yanzu a gyara zama.

Naman kwalba ba zai kori tirelar shanu daga hanyar Jebba a kwana kusa ba. Tsada ta yi masa yawa, kuma tankunan da ake renonsa suna son wuta dare da rana ba ƙiftawa. A nan in aka ɗauke wuta ran Talata, ran Alhamis sai a toshe hanci. Abin da ya kamata mu saurara shi ne tallar da masu shi suke yi. Cewa suke namansu mai tsabta ne, ba a wahalar da dabba ba, kuma an san daga inda ya fito. Me ya sa wannan talla take shiga kunnen Bature? Saboda an taɓa cin amanarsa. A 1996 gwamnatin Ingila ta amsa cewa cutar haukan shanu tana iya kama mutane, bayan an daɗe ana ciyar da shanu da garin nama da ƙashin 'yan'uwansu. A farkon 2013, shekarar bogan nan, aka gano a Ailan da Ingila cewa abin da ake sayarwa a manyan kantuna da sunan naman sa akwai doki a ciki, wani ma doki ne zalla. Ga takarda, ga hatimi, ga kwamfuta, amma wanda ya ci bai san wanda ya yanka ba.

Mu kuwa jarinmu a garin nan tun asali shi ne an san mu. An kafa Sabo a 1916. A farkon shekarun 1960 wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan, ya rubuta littafi a kanmu wanda ya fito a 1969. Abin da ya ba shi mamaki shi ne kasuwar shanu. Ya ce ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a Badun, wato abin da Chadi za ta biya a shekara 10, kuma kusan duk bashi ne. Falke ya taso daga Arewa, ba ya jin Yarbanci, bai san kowa ba, kuma ba zai iya jira ba, don a wancan zamani in shanu suka daɗe a Kurmi cizon tsando zai sa musu sammore su lalace. Sai ya sauka wurin mai gida. Mai gida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, dillali ya sayar wa mahaucin Bayarabe, a ba shi kwanaki ya yanka ya sayar ya kawo kuɗi. In mahauci ya gudu, mai gida ne zai biya. Ba banki, ba lauya, ba takarda. Kalmar baki ce ta riƙe dukiya mai yawan nan, kuma jikokin masu gidajen nan ga su zaune a cikinmu.

Shin har yanzu haka muke? Yawancinmu alhamdu lillahi. Amma kowa a nan ya san abin da ake gani. A cusa shanu a tirela tun daga Potiskum ko Maigatari ko Illela, kwana biyu ko uku ba ruwa, ƙahon wannan a cikin wancan. Wadda ta faɗi a hanya a yi maza a sa mata wuƙa, ba wanda ya tsaya ya ga ko da sauran rai, a sauke ta da dare a wuce da ita inda likitan dabbobi ba zai gani ba. A sayi saniya da araha wadda kowa ya san arahar tana da dalili, ba a tambayi mai ita a wane ruga ya samo ta ba. A babbake ganda da tsohuwar taya. A ɗauko nama a bayan babur a buɗe, ƙura da ƙuda suna rakiya. Tsiren jiya a shafa masa mai da sabon yaji a ce yanzu ya sauka. An kuma sha kama busasshen naman jaki ana shigo da shi kasuwannin Kudu da sunan na shanu, alhali mun san hukuncin jaki tun muna yara. Addininmu ya riga Bature cewa a wasa wuƙa, kada a wasa ta a gaban dabbar, kada a yanka wata a gaban wata, a shayar da ita. Abin kunya ne a ce wani ya zo daga Holan yana yi mana tallar tausayin dabba.

Ku tuna 2023, da gwamnati ta yi gargaɗi a kan cutar antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, aka kuma tabbatar da ita a wata gona a Suleja a watan Yuli. Ku tambayi masu sayar da ganda yadda kasuwa ta kasance a makonnin nan. Magana ɗaya a rediyo ta isa.

Kuma mu baƙi ne, ko da an haifi kakanninmu a nan. In ɗan gari ya yi laifi, sunansa ake kira. In ɗayanmu ya yi, cewa za a yi Mola ne, an gama da mu duka. Yanzu kowane yaro yana da waya mai ɗaukar hoto, kafin ka wanke hannu an gan ka a Ikko da Fatakwal. Ba mu manta da abin da ya faru a Sasa a watan Fabrairu 2021 ba, yadda 'yar sa-in-sa a kasuwa ta zama wuta, aka yi asarar rayuka da shaguna da gidaje. Bayan nan ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta tsai da lodi zuwa Kudu na kusan mako guda. Nama ya yi tsada a nan, tumatir da albasa suka yi ta ruɓewa a can. Ba wanda ya ci riba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba.

Saboda haka muna kawo wa shugabanni roƙo. A rubuta sunan duk mai tukuba da mai kilishi da ke aiki da sunan unguwar nan, da inda yake sayen namansa, don in wani baƙo ya zo ya yi ɓarna mu iya cewa ba namu ba ne, a kuma yarda da mu. A sayi naman da likita ya duba, ko da ya ɗara da 'yan nairori. Masu gidaje, ku ne ƙofa, saniyar da ba a san asalinta ba kada ta kwana a hannunku, don kuɗin da aka biya ɓarawo shi ne harsashin da zai harbi wani a gida. In tirela ta iso a fara ba dabbobi ruwa kafin a fara taya. Wanda aka kama da mushe ko jaki, kada a ce ɗan wane ne a rufa, mu da kanmu mu kai shi.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Ga asibitin dabbobi nan a Mokola, da ƙafa ake zuwa. Ga Jami'ar Badun da tsangayar likitancin dabbobi, kuɗin mota ɗaya ne daga nan. Fiye da shekara 100 muna kawo shanu garin nan, 'ya'yanmu nawa ne a cikin masu farar rigar da ke duba su? A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo ta musamman, za a nemi masu takarda a wannan fanni, kuma ba za a jira mu ba. Muna ba da shawara asusun ilimi na ƙungiya ya ɗauki yara biyu, mace ko namiji, waɗanda suka yi kyau a darussan kimiyya, a tsaya musu har su gama. 'Yan kara su sa wani abu a kan kowace tirelar da aka sauke, masu tukuba su kawo nasu duk Juma'a, mu 'yan kasuwa mu ma ba za mu noƙe ba. Magatakarda ya ce zai buɗe littafi bayan sallar la'asar, kuma ya roƙa a biya da kuɗi, kada wani ya ce zai yi irin ta Chadi, don ba shi da turke.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mai da matafiya gida lafiya.